Hambali da Darar Ƙyaure

A shekarun nan da kuɗin man fetur ya fara kwararowa, aka bar fam da sule aka koma naira, kowa a ƙasar Birnin Kudu ya samu rabonsa. Wani ya sayi rediyo, wani keke, wani ya yi rufin kwano. Hambali na Unguwar Ya kuwa abin da ya samu shi ne ƙarin baki, alhali wanda yake da shi tun da can ma ya ishi gari.

In ka matsa masa da tambaya zai ce maka shi manomi ne. Amma aikinsa na gaskiya yana gindin tsamiyar ƙofar gidan Bappa Dabo, inda dattawa ke buga dara kullum bayan azahar. Gurabe talatin a ƙasa, wannan da duwatsu, wancan da karare, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗaya na abokin karawarsa. Hambali ba ya bugawa, don in ya tsuguna da kansa ba a gama gaisawa an share shi. Shi mai ba da shawara ne. Yana tsaye a bayan mai wasa yana yi masa huci a ƙeya: "Ɗaga wancan! A'a, wancan! Kai, ka kashe kanka!" In an yi nasara, shawararsa ce. In an faɗi, ba a bi ta daidai ba. Tun yana saurayi yake wannan hidima, kuma duk duniya ba abin da yake so kamarta.

Ana nan sai ya raka wani ɗan'uwansa Kano sayen keken ɗinki. Da ya dawo ko gida bai shiga ba, ya zarce gindin tsamiya, ya tsaya a kan mutane ya riƙe ƙugu.

"Ku yi ta tonon ƙasa kamar kaji," in ji shi. "Duniya ta yi gaba ta bar ku. A Kano na ga ludo jibge a kantuna, allo mai launi huɗu, an rufe shi da gilashi. Ma'aikata kuwa darar Turawa suke bugawa a kan tebur, mutum ya tashi da farar rigarsa ko ƙura babu. Nan da 'yan shekaru, wallahi, ba ɗan da zai yarda ya tsuguna a ƙasa da sunan wasa."

Bappa Dabo bai ɗaga kai ba. Tsoho ne siriri, jikan makiyaya, mai tsadar magana, kuma a duk yankin ba mai kayar da shi a dara. Amma maganar ta taɓa shi, don shi ma yana gani. Samarin da a da suke cika gindin tsamiya duk sun koma tashar Birnin Kudu wajen mai shayi, suna kaɗa ƙwayar ludo a gwangwani.

"To ya za a yi?" in ji Bappa.

"Ni zan ceci dara! Zan ɗauke ta daga ƙasa in ɗora ta a kan allo, in yi mata fenti, in kai ta kanti. Bana Birnin Kudu, baɗi Kano, baɗin baɗaɗa Legas. Nan gaba duk amaryar da aka kai babu allon dara a kayanta, sai an yi wa uwarta gori."

"Hambali, bakinka ya fi gonarka albarka," in ji Bappa.

Aka bushe da dariya. Hambali ya buga ƙirji ya ce a gwada shi. Sai Bappa ya ajiye dutsen da ke hannunsa ya dube shi.

"Ranar kasuwar Gwaram ta sama zan je in kara da Maikano, gwanin darar can. Ka kawo allon naka. In aka fara wasa a kansa aka ƙare a kansa, saiwar tsamiyar nan da nake zama a kai na bar maka ita, kuma ni da bakina zan kira ka Sarkin Dara. In kuwa wasa bai kai ƙarshe ba, ka zo ka zauna, ba mai korarka, amma bakinka ya mutu a gindin tsamiyar nan. Ko tari za ka yi sai ka nemi izini."

Hambali ya auna abin a ransa. Da gona aka ce, ko keke, da sauƙi. Amma ga idon jama'a a kansa, ina zai ja da baya?

"Na yarda! A shaida!"

"Mun shaida!" in ji mutane baki ɗaya, da saurin da har ya ɗan ɓata masa rai.

Washegari ya je wajen Iliyasu kafinta a Birnin Kudu. Iliyasu ya ce katako ya yi wuya, kowa gini yake, sai dai in Hambali zai kawo nasa. Hambali ya dawo gida yana tunani, ya tarar matarsa Barira ta tafi barka maƙwabta. Idonsa ya faɗa kan ƙyauren ɗakinta, katako mai kauri, lafiyayye. Kafin ka ce kwabo ya ɓalle shi ya ɗora a keke.

Barira ta dawo ta tarar da akuyoyi uku a tsakar ɗakinta, ɗaya ta cusa kai cikin ƙwaryar tsaki, ɗaya tana taunar gefen zanen gado. Ta kore su da muciya, ta zauna a bakin ƙofa tana jiran mai gida.

"Malam, ina ƙyaurena?"

"Ya tafi Birnin Kudu neman ɗaukaka."

"Akuyoyin nan da suka cinye mini tsaki fa, su suka zo riƙon ƙwarya?"

"Ke dai ki yi haƙuri. Baɗi war haka ƙofar ƙarfe zan sa miki, mai makulli irin na banki."

Ya zauna ya zayyana mata komai, tun daga fenti har Legas. Barira ta saurara har ƙarshe, ta tallafe haɓa.

"Tsaya in gane. Ramukan nan da ake tonawa da yatsa a ƙasa, su za ka sayar?"

"Su."

"Ƙasar ce ta ƙare?"

"Ke ba ki san kasuwa ba. Mutumin yanzu ba ya son abin kyauta. Sai ya biya yake ganin darajar abu."

"To ka fara sayar musu da inuwa mana, ita ba ta bukatar ƙyaure."

Hambali ya ce wannan irin magana ce ta hana mutanen ƙauye ci gaba, ya ja hula ya fita.

A rumfar Iliyasu, Hambali ya tsaya a bayan kafinta kamar yadda yake tsayawa a bayan mai dara. Iliyasu na fafe gurbin farko, shi yana huci a ƙeyarsa.

"Ƙara zurfi! Wannan ai na yara ne. Ƙara!"

"Malam Hambali, katakon zai huje."

"Ni da na je Kano kake gaya wa? Ƙara!"

Iliyasu ya ƙara. Ƙarfe ya fito ta ɗaya gefen. Hambali ya leƙa ta ramin ya hango ƙafarsa, sannan ya ce ai dama haka ya nufa, kuma tunda gurabe dole su zo daidai da juna, a huje sauran. Aka huje talatin ɗin cif. Iliyasu ya ɗaga ƙyauren ya kalli rana ta cikinsa.

"Wannan dai rariya muka yi."

"Rariya a idon wanda bai waye ba. Kawo tsohon kwanon rufin can a buga masa ta ƙasa."

Aka buga kwano. Saura fenti. Hambali ya sayo ɗan gwangwani na kore da ɗan gwangwani na fari, ya ga ba za su isa ba, sai ya ɗebo man gyaɗar Barira ya tsiyaya a ciki ya dama. Iliyasu ya rantse masa ba zai bushe ba. Hambali ya ce a Kano haka ake yi, don ya fi sheƙi. Sheƙi kam ya yi. Aka jingine ƙyaure a rana kwana da kwanaki, fenti ya ce bai san zancen bushewa ba. Ƙudaje suka yi ta sauka suna maƙalewa, ga wani wari da ya fara tashi, har maƙwabcin Iliyasu mai ɗinki ya ɗauke kekensa ya koma ƙarshen layi.

Maganar 'ya'yan wasa kuwa, Hambali ya ce duwatsu da karare na matsiyata ne. Ya sayo goro, jajaye goma sha biyu, farare goma sha biyu, manya-manya, ya ƙulle su a ganye. Ya ce ranar da Legas ta ga wannan, ludo sai dai a hura wuta da shi.

Saura abu ɗaya da ya hana shi sakat. Ya tabbata 'yan kasuwar ludo suna da 'yan leƙen asiri a kowace tasha, kuma in suka ga allonsa za su sace basirar. Don haka ranar tafiya ya sayo farin alawayyo sabo. Don kada ƙyallen ya manne da fenti, ya naɗe tabarmarsa ya kwantar da ita a tsawon ƙyauren, ya ajiye ƙullin goro a can sama wajen kai, sannan ya lulluɓe duka ya ɗaure ta sama da ta ƙasa. Warin man gyaɗa ya ƙi ɓoyuwa, sai ya juye masa kwalbar turare guda.

Barira ta leƙo ta ga abin a tsakar gida, ta dafe ƙirji.

"Malam, a haka za ka fita da shi?"

"A haka. Ko ke ma 'yan ludo sun saye ki?"

Ta buɗe baki za ta yi magana, ta tuna tsakinta da man gyaɗarta, sai ta rufe. "Allah ya kiyaye hanya," in ji ta.

A bayan babbar mota ya yi tafiyar, yana rungume da kayansa, iska da ƙurar hanya na dukan fuskarsa. Kafin a iso Gwaram idanunsa sun yi jajir suna zubar da ruwa. A tasha ya kira 'yan dako biyu ya ce su ɗauka a kafaɗa, su tafi a hankali, kada su yi magana da kowa. 'Yan dakon suka dubi farin ƙyalle, suka ji ƙamshin turare, suka dubi idon Hambali. Babban cikinsu ya ce, "Malam, wannan aiki ba ma karɓar lada a hannun mutum." Hambali ya ce a ransa, ka ji mutanen da suka san darajar ci gaba.

Ya shiga gaba, kai a sunkuye, leɓɓansa na motsi, yana bitar jawabin da zai yi wa jama'a. 'Yan dako na biye da shi taku ɗaya-ɗaya.

Mai shayin tasha ne ya fara gani. Ya kife kofi ya bi bayansu. Mai facin keke ya goge hannu ya bi. Tela ya bar riga a bakin allura, mahauci ya soke wuƙa a kututture, masu awon hatsi suka rufe buhunansu. Ai baƙo ne ya rasu a hanya, ga ɗan'uwansa shi kaɗai yana hawaye, wane musulmi zai zauna? Ba mai magana, sai sautin takalma.

Hambali ya waiwaya. Kai jama'a! Mutane ne tun daga nan har tasha, manya da ƙanana, kowa fuska a natse. Kansa ya fasu. Tun ba a buɗe ba ke nan, ina ga an buɗe! Ya gyara hula, ya ƙara rage sauri don na baya su samu isowa.

Abin da bai lura da shi ba shi ne, kamar yadda aka saba, masu rakiya sun fara karɓar juna don kowa ya samu ladan ɗauka. Wannan ya sa kafaɗa, ya yi 'yan taku, wancan ya karɓe shi. 'Yan dakon farko tuni sun koma can baya. Da aka iso mararraba, hanyar kasuwa ta yi dama, ta masallaci ta yi hagu. Hambali ya yi dama yana tafe yana jawabi a zuci. Ƙyaure da jama'arsa suka yi hagu.

Sai da ya ji shiru ya yi yawa a bayansa ya juya. Babu kowa sai wata tunkiya. Ya hango farin ƙyalle can yana lilo a kan kafaɗu, ya kwasa da gudu.

"Ba can ba! Ku dawo da shi! Nawa ne!"

"Wayyo, bawan Allah," in ji wani dattijo. "Ku riƙe shi, zafin rabuwa ne."

Ƙarti biyu suka rungume shi ta baya.

"Ku sake ni! Yau ne fa ranarsa!"

"Haka ne, Malam, kowa da ranarsa. Yi ta salati."

"Ban gama da shi ba! Legas zan kai shi!"

"Allahu akbar. Ashe matafiyi ne."

Aka ajiye ƙyaure a filin gaban masallaci. Aka ja sahu. Labari ya kai gindin durumin kasuwa inda Bappa Dabo, wanda ya riga Hambali isowa tun da safe, yake zaune da Maikano suna jiran allo. Su ma suka tashi suka yi alwala suka shiga sahu. Liman ya fito yana gyara rawani.

"Ina mai gawa?"

Aka turo Hambali gaba, hula a karkace, yana haki.

"Namiji ne ko mace?"

"Allah gafarta Malam, ƙyaure ne."

Sahu ya ɗauki salati. Wani ya ce hankalin bawan Allah ya taɓu, a nemo ruwan sanyi. Sai aka ji wata siririyar murya daga sahu na biyu.

"Ku sake shi. Na san mutumin. Hankalin nasa a haka yake tun haihuwa."

Bappa Dabo ne. Ya ratso mutane, ya sunkuya ya kwance ɗaurin, ya kama gefen alawayyo ya ja. Ƙyallen ya manne, ya ja da ƙarfi, ya ɓanɓaro da wata irin ƙara. Tabarma ta mirgina gefe. Ƙullin goro ya fashe, jajaye da farare suka watse a gaban liman. Ga ƙyauren Barira kwance, kore da fari, huji talatin, ƙudaje a manne.

Mahauci ne ya fara dawowa hayyacinsa.

"Na shiga uku! Nama na bari a buɗe, ga angulaye!"

Ya arce. Tela ya bi shi. Wani ya fara dariya can baya, ta kama na kusa da shi, kafin ka ce me sahu ya wargaje, wasu na riƙe ciki, wasu na neman Hambali da sanda. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Da ya samu kansa sai ya ɗaga hannu.

"Jama'a, a yi haƙuri. Tunda babu wanda ya rasu, ai abin godiya ne. Shi kuma baƙonmu ya san ya wahalar da mutane, ga shi har ya zo da goron ban-haƙuri. A tsince a raba wa dattawa."

"Allah gafarta Malam, ba na rabo ba ne! 'Ya'yan wasa ne!"

"Ɗana, ka taɓa ganin goron da ya faɗi gaban dattawa ya koma jaka?"

Aka tsince tas. Aka shafa fatiha. Hambali na tsaye yana kallon jajayensa da fararensa suna shiga aljihu ɗaya bayan ɗaya, wani tsoho ma har ya ɓare nasa ya miƙa masa ɓari.

Amma mutumin naku bai karaya ba. Ya ce alƙawari wasa ne a kan allo, ba a ambaci goro ba. Bappa ya ce gaskiya ne. Aka ɗauki ƙyaure, wannan karon ba mai neman lada, aka kai shi gindin durumi. Rabin kasuwa ta biyo don ganin ƙarshen abin. Maikano, wani ƙaton mutum mai fara'a, ya zo cikin sabuwar rigar shadda don girmama baƙo. Aka tsinto duwatsu, aka kakkarya karare.

Hambali ya hau kan wani turmi ya fara jawabi. "Jama'ar Gwaram, yau za ku ga abin da jikokinku…"

"Sauka," in ji Bappa. "Maikano, bismilla."

Maikano ya miƙa hannu zai sa kara, hannun rigarsa ya shafi allo ya dawo kore. Ya dube shi, ya dubi Hambali.

"Zai fita da sabulu," in ji Hambali. "Fentin Kano ne."

Aka gama zuba 'ya'ya, aka zo matsawa. Bappa ya sa yatsa zai ɗauko dutsensa, dutse ya nutse can ƙasan rami ya manne da fenti. Ya sa yatsu biyu, ba su shiga. Aka kawo tsinke, aka kawo cokali, daga ƙarshe wani wanzami ya ciro shi da hantsaki kamar mai cire ƙaya. Kowane taku sai an kira wanzami. Tururuwa kuma sun ji ƙamshin man gyaɗa, suka yo layi daga gindin durumi suka hau ƙafar Maikano.

"Ci gaba ai sai da haƙuri," in ji Hambali, gumi na tsattsafo masa. "Bappa, ɗaga wancan! A'a, wancan!"

Rana ta karkato ta sami ƙyauren. Kwanon da ke ƙasa ya ɗau zafi ya kumbura. Maikano ya dafa gefe zai gyara zama, sai ji aka yi ɓam! Duwatsu da karare suka yi tsalle sama, wasu suka faɗa gurbin da ba nasu ba, wani dutse ya sami mai tallan rake a goshi.

"Ba komai! Na haddace inda kowa yake!" in ji Hambali. Ya mayar da su, aka duba aka ga ya ba Bappa duwatsu goma sha huɗu.

Aka sake daga farko. Ɓam! Aka sake. Bappa ya yi atishawa kawai, ɓam! Wannan karon kara ya faɗa cikin ƙwaryar nonon wata mata, ta ce sai an biya ta.

Maikano ya miƙe, ya kakkaɓe tururuwa, ya matsa gefe taku biyu. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya dunƙule yatsu ya fara tona gurabe, shida-shida har layi biyar. Bappa ya ja jiki ya koma gabansa. Jama'a suka juya baya ga ƙyaure suka kewaye su.

"Ku tsaya! A yayyafa wa kwanon ruwa! Bappa! Maikano! Sau ɗaya tak!"

Ba wanda ya waiwayo. Aka buga wasa mai zafi a ƙasa, Bappa ya sha da ƙyar ya kayar da Maikano. Da ya tashi ya kakkaɓe gwiwa, sai ya dubi Hambali ya ɗora yatsa ɗaya a kan leɓe.

Ƙyaure dai a Gwaram ya kwana, don direba ya rantse ba zai sake hawa motarsa ba. Hambali ya shiga gida da magariba. Barira ta rataya tsohon asabari a ƙofarta.

"Malam, ina ɗaukakar?"

Hambali ya kawar da kai ya wuce.

"Au, dokar har gida ta biyo ka? Alhamdu lillahi."

Kwanakin da suka biyo baya, wallahi ko maƙiyin Hambali ya gan shi sai ya tausaya masa. Kullum yana zuwa gindin tsamiya, don ƙafarsa ba ta san wata hanya ba. Ya zauna a gefe, kumatu a kumbure, idanu na bin kowane dutse. In ya ga an yi abin da bai yi masa ba sai ya ciji yatsa, ya daki cinya, ya tashi ya zagaya tsamiya ya dawo. Abin ya ci masa rai ƙwarai, har ya rame. Su kuwa dattawa, don mugunta, sai mutum ya ɗaga dutse ya riƙe shi a sama ya ce, "Kai, da ma akwai mai ba ni shawara."

Ba a daɗe ba sai ga Maikano ya sauka a Unguwar Ya, ya zo ramuwa, da 'yan rakiyarsa cike da mota. Gari ya taru, har samarin ludo suka baro tasha. Aka tona gurabe, aka fara. Wannan karon Maikano ya zo da shiri. Tun ba a je ko'ina ba ya ɗauke wa Bappa duwatsu uku, ya matse shi a lungu. Bappa ya yi tagumi. Tunda aka san shi ba a taɓa kayar da shi a gindin tsamiyarsa ba.

Hambali kuwa kamar zai fashe. Wuyansa ya miƙe, yana ta nuna wani gurbi da haɓa yana gurnani. Kowa ya ga ya hango wani abu.

"Bappa," in ji wani a hankali, "ko a ji ta bakinsa? Mutuncin gari ne fa."

Bappa ya dubi ƙasa, ya dubi mutanen Gwaram suna murmushi, ya dubi Hambali. Ya yi ajiyar zuciya.

"Na ɗage doka. In ka fitar da ni, bakinka ya dawo har abada. Faɗi."

Hambali ya miƙe a hankali. Ya gyara hula. Ya yi gyaran murya sau biyu, don ya daɗe bai yi ba. Daɗi ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa.

"Jama'a, ku shaida. Tun ɗazu nake ganin abin nan, amma sai mai ido. Bappa, ɗauki dutsen nan na gefe ka turo shi ciki. In bai gama da shi ba a canja mini suna."

Bappa ya turo dutsen.

Maikano bai ko yi tunani ba. Dutsen nan shi kaɗai ne ya tare masa hanya. Ya matsa kara gaba, uku ta jeru, ya ɗauke ɗaya. Bappa ya taka, Maikano ya dawo da karan baya, wata ukun ta jeru, ya ɗauke ɗaya. Gaba, ya ɗauke. Baya, ya ɗauke. Kafin mai shan rake ya tofar da abin bakinsa, Bappa Dabo ba shi da abin bugawa.

Mutanen Gwaram suka ɗauki ihu. Maikano ya tashi, ya zo ya kama hannun Hambali da hannu biyu yana girgizawa.

"Bappa, don girman Allah ku bar bawan Allahn nan ya riƙa magana. Mu mutanen Gwaram muna bukatarsa."

Hambali ya buɗe baki. "Ai da an turo shi yadda na…"

Duk gindin tsamiya ya juyo, tsofaffi da samari, kowa da yatsa a kan leɓe. Hambali ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya cire hularsa, ya ninke ta biyu, ya cusa a bakinsa da kansa, ya koma gefe ya zauna.